Tabar wiwi da man CBD: Abin da doka ta ce a Jigawa

A shekarar 2018 dokar Amurka ta raba wiwi mai bugarwa da wanda ake nomawa don zare da man CBD, jihohi kuma suka shimfiɗa nasu ƙa'idojin.

A Najeriya babu wannan bambanci. Dokar tarayya ce ke aiki a Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, kuma gwamnatin Jigawa ba ta da hurumin sassauta ta.

Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukuncin da ya kai na kisa ga manomin wiwi. Wadda ta kafa hukumar NDLEA a 1989 kuwa, ɗaurin rai da rai ta tanada.

Mai sayo man CBD ta intanet ma yana iya faɗawa hannun hukumar.

Rama dai, wadda ake tufka igiya da ita, haramcin bai shafe ta ba.