Tarihin Horar da Ma'aikatan Lafiya na Karkara a Najeriya

Ma'aikacin lafiya na karkara shi ne wanda mutanen ƙauye ke kira malamin asibiti, wasu ma su ce masa likita kai tsaye, ko da yake bai yi karatun likita ba. Shi ke duba mai zazzaɓi, ya wanke gyambo, ya yi wa jarirai allurar rigakafi, ya tura wanda ciwonsa ya yi tsanani zuwa babban asibiti. Yadda ake horar da shi, da inda albashinsa ke fitowa, da matakin da zai iya takawa a aikinsa, abu ne da ya sha sauye-sauye tun zamanin Turawa.

A Arewa, tushen abin yana cikin mulkin En'e. Hukumomin gargajiya ne suka riƙa gina ɗakunan shan magani a hedikwatar gundumomi, suna biyan ma'aikatansu daga baitulmali, wato daga harajin talakawa da jangalin Fulani. Akan ɗauki yaron da ya iya karatun boko, a koya masa sanin cututtukan da suka fi addabar jama'a, a ba shi kwalaben magani, a kai shi gari mai nisa inda babu likita ko ɗaya. Da hantsi za ka ga mutane sun yi layi a gindin darbejiya, shi kuma yana tafasa sirinji a kan risho, yana auna kwinin da cokali. A 1932 aka buɗe Makarantar Koyon Tsafta ta Kano, wadda ta yaye dubagari, mutanen da suke shiga gida gida suna leƙa randa da salga, matan gida na jin an ce ga su nan tafe sai a hau shara. Asibitocin mishan irin na Wusasa su ma sun koya wa matasa jinya da karɓar haihuwa. Daga Wusasa ɗin ne Dokta R.A.B. Dikko ya fito, ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita, bayan karatu a Ingila.

Matsalar da ta daɗe tana bin wannan aiki ta bayyana tun a Makarantar Likitanci ta Yaba da aka buɗe a Legas a 1930. Ɗalibanta sun yi shekaru suna karatu mai wuya, amma takardar shaidarsu ba ta aiki a wajen Najeriya, albashinsu kuma bai kama ƙafar na wanda ya yi karatu a Ingila ba. An ɗora musu aikin likita, an hana su darajarsa. Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka kafa a 1948, da sashen likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello da ya fara a 1967, sun buɗe hanyar samun cikakkun likitoci a gida, sai dai yawancinsu birni suka zauna.

Wannan giɓi ne ya sa aka fito da shirin samar da kiwon lafiya na tushe a cikin tsarin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa. An kafa makarantun fasahar lafiya a jihohi don yaye ma'aikatan lafiyar al'umma. Gine-gine da kayan aiki sun cinye mafi yawan kuɗin, shirin bai kai inda aka nufa ba, amma makarantun sun tsaya da ƙafafunsu, kuma su ne babban abin da ya bari. Taron Alma-Ata na 1978 ya ƙara wa ra'ayin kiwon lafiya na tushe ƙarfi a duniya. Wanda ya hura masa rai a Najeriya shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji, ya nace a kan rigakafi, da shayar da nonon uwa, da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa. A 1992 aka kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, da hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista.

Daga nan matakan aikin suka daidaita. Ƙaramin ma'aikaci, da ake kira JCHEW, yana yin shekara biyu a makaranta. Na gaba da shi, CHEW, yana yin uku. Wanda ya ƙara kwas a asibitin koyarwa ya zama jami'i, CHO. Dukansu suna aiki da wani littafin ƙa'idoji da ke nuna musu alamar ciwo, da maganin da za a bayar, da lokacin da ya wajaba a tura marar lafiya gaba. A ɗakunan shan magani da yawa za ka tarar da littafin a kan tebur, bangonsa ya yage, shafin zazzaɓin yara ya yi baƙi saboda yawan buɗawa.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. An damƙa lafiyar matakin farko a hannun ƙananan hukumomi, su kuwa kasonsu ya daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi kafin ya iso. Albashi yakan makara, ƙarin girma ya tsaya shekara da shekaru, ɗaukar sababbin ma'aikata ya yi wuya. Shi ya sa ake samun waɗanda suka gama makaranta da lasisinsu a hannu suna aikin sa-kai a asibitin garinsu, suna jiran ranar da za a ɗauke su, wasu kuma su buɗe kemis. Abin takaici ne ƙwarai a ce iyaye sun sayar da hatsi da dabba sun biya kuɗin makaranta, ga asibiti na neman ma'aikaci, amma babu albashin da zai haɗa su. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya gamu da irin wannan cikas: an raba alawus tsakanin gwamnatin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka kasa cika nasu kason, ungozomomi da yawa suka tattara kayansu.

Ƙarancin mata ma'aikata ya fi tsanani a Arewa, inda mace mai ciki takan ƙi zuwa awo idan namiji ne zai duba ta. Daga 2012 wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi ya riƙa ɗauko 'yan matan karkara a Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, yana ba su karatun share fage don su cika sharuɗɗan shiga makarantun jinya da ungozoma, da alƙawarin za su koma su yi wa garuruwansu aiki.

A 2014 gwamnatin tarayya ta amince a horar da CHEW su karɓi haihuwa inda babu ungozoma. A shekarar ce kuma dokar lafiya ta ƙasa ta kafa asusun kiwon lafiya na tushe, wanda za a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kashi 10 cikin 100 na asusun kuma a kashe shi wajen samar da ma'aikata da horar da su. Sai a kasafin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi.