Zumuncin Manya da Diflomasiyyar Bayan Fage: Nazarin Tsarin Foccart a Gabon da Nijar

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda Faransa ta tafiyar da hulɗarta da tsofaffin ƙasashen da ta mulka bayan 1960. Hujjarta ita ce, kariyar da shugaba ke samu daga Faris ta fi dogara ga zumuncinsa da wasu mutane ƙalilan fiye da abin da yarjejeniya ta tanada.

Fadar shugaba da kamfanin mai

Daga 1960 zuwa 1974, al'amuran Afirka a fadar Elize suna hannun Jacques Foccart, ɗan kasuwa mai kamfanin shigo da kaya da fitar da su, wanda ya yi aiki ƙarƙashin de Gaulle da Pompidou. Shugabannin Afirka kan neme shi kai tsaye, ba sai sun bi ta ma'aikatar harkokin waje ba. A gefensa akwai kamfanin mai na gwamnati, Elf, wanda shugabansa na farko, Pierre Guillaumat, tsohon ministan tsaro ne. Da Aljeriya ta kuɓuce a 1962, man Gabon ya ƙara daraja a idon Faris.

A Gabon aka ga tsarin a fili. Sojoji sun hamɓarar da shugaban ƙasar, Léon M'ba, a Fabrairun 1964, dakarun Faransa suka sauka Libreville suka mayar da shi kan kujera cikin kwanaki. Da ya rasu a 1967, Bongo ya gaje shi, ya kuma riƙe mulki har mutuwarsa a 2009. Ta Gabon ne makamai suka riƙa isa Biyafara lokacin yaƙin basasar Najeriya, Gabon da Kodebuwa kuma suka amince da Biyafara a matsayin ƙasa a 1968. Kuskure ne a ɗauki Bongo a matsayin yaron Faris kawai: wanda ya san sirrin 'yan siyasar Faransa, yake kuma riƙe da rijiyoyin mai, shi ma yana da abin ja da shi. Binciken da alƙaliya Eva Joly ta fara a 1994 ya tona yadda kuɗin Elf ke zagayawa ta ɓoye, kuma a 2003 kotu ta ɗaure tsofaffin manyan jami'an kamfanin, Loïk Le Floch-Prigent da Alfred Sirven da André Tarallo.

Nijar, 1974

Ita ma Nijar ta sa hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa a 1961, wadda ta ba Faransa fifiko kan ma'adinai masu muhimmanci, har da yuraniyom. An kafa kamfanin haƙar yuraniyom na SOMAÏR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, shugaban Nijar Diori Hamani ya nemi a ƙara kuɗin yuraniyom, ga kuma fari ya galabaita talakawa. Ranar 15 ga Afrilun 1974 sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi. Akwai sojojin Faransa a ƙasar, amma ba su motsa ba.

Fari da fushin soja sun isa su bayyana juyin mulkin. Abin da ke buƙatar bayani shi ne shirun Faransa. Pompidou ya rasu ranar 2 ga Afrilu, fadar Elize tana hannun shugaban riƙo, ga Diori ya riga ya taɓa moriyar masu harkar nukiliya. Takardar 1961 tana nan daram, amma mutanen da za su sa ta yi aiki ko dai sun kau ko sun ja baya. Foccart kansa ya bar ofis bayan zaɓen Giscard d'Estaing a watan Mayu, Kountché kuma ya sallami dakarun Faransa daga Nijar a shekarar.