Daren Da Aku Bai Ce "A'a" Ba

Jiya a Tudun Wada, bayan lakca, mun yi ta musu kan tambayar da ke kayar da mu a jarabawa: ina ake gane halin tauraro da jigon labari? Bari mu waiwayi tarihi.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar rubutun Hausa. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, ya yi fice da Ruwan Bagaja. Daga nan aka kira shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937.

To, ku duba gaɓa ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci, Musa ya matsu ya fice daga gida. Aku bai ce masa "a'a" ba, sai ya ja shi da labari har gari ya waye. Nan take ka ga gaggawar Musa, ka ga dabarar aku. Jigon ma ya fito fili: baki ya tsare ɗan sarki ba tare da an zare takobi ba. Shi ya sa da aku ya zama waziri, ba ka mamaki.

Don haka, malam, kar ka haddace labari kawai. Nemo inda tauraro ya yi zaɓi alhali akwai abin da zai rasa. Wallahi makin yana nan.

Allah ya ba mu sa'a.