Yamai zuwa Jidda: awa biyar da rabi, a da shekaru

Daga filin jirgin saman Diori Hamani na Yamai zuwa na Sarki Abdul'aziz a Jidda, tazarar ta kai kilomita 4,000 in an miƙe. Jirgi na cinye ta cikin wajen awa biyar da rabi. Mai duba tikiti zai ga kamar bakwai da rabi ne, don agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu.

Malamai, ku ba yara wannan lissafi: mai tafiyar ƙasa da ke yin kilomita 25 kullum, kwana 160 sun ishe shi. To me ya sa kakanninmu ke shekaru kafin su ga Ka'aba?

Guzuri ne ke ƙarewa. Ayari ya bi ta Borno, ya ratsa Njamena, wadda ake kira Fort-Lamy lokacin, ya shiga Darfur da El Obeid, sannan Sawakin a bakin Bahar Maliya. Duk inda kuɗi suka yanke, sai a yada zango a yi ƙwadago, a jira damina ta wuce. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, maniyyata da dama can suka tsaya neman kuɗin jirgin ruwa. Wasu suka yi aure, suka haifu, ba su koma gida ba. Ni a ganina, littattafan tarihinmu sun yi wa waɗannan mutane rowar shafi, alhali jikokinsu na Sudan har yau, suna jin Hausa.