Tarihin Kokowa a Nijar da Tarbiyyar da ke Cikin Kaye

1.0 Gabatarwa

Kokowa, ko kokawa kamar yadda ake faɗa a Kano, tana daga cikin daɗaɗɗun wasannin ƙarfi na ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Wannan takarda za ta bi sawun wasan tun daga dandalin ƙauye har zuwa gasar takobi ta ƙasar Nijar. Manufarta ita ce a nuna wa ɗalibi cewa babban abin da kokowa ta daɗe tana koya wa samari shi ne yadda ake shan kaye a gaban jama'a a kuma tashi da mutunci. Kayar da abokin karawa abu ne da ƙarfi da dabara ke bayarwa, amma iya faɗuwa sai an koya wa mutum.

2.0 Kokowa a dandalin ƙauye

Asalin kokowa wasan manoma ne, kuma lokacinta kaka. Idan an yi girbi an cika rumbuna, jiki ya huta daga noma, sai samarin wani gari su ɗauki makaɗansu su nufi wani garin. Sarkin samari ne ke karɓar baƙi, ya raba su gida-gida, a ba su masauki da fura da tuwo. Da la'asar ko da farin wata sai a share fage, jama'a su yi da'ira, makaɗa su fara. Yara ƙanana ake fara sakawa, sannan matasa, manyan 'yan kokowa kuwa sai can ƙarshe. Ladan wanda ya yi kaye bai wuce goro da 'yan kuɗi da damin hatsi ba, sai kuma suna, wanda ya fi su duka daraja, domin yakan kai saurayi ga samun mata.

A nan ne kokowa ta bambanta da dambe. Dambe an fi saninsa da mahauta, kuma bugu ake yi da hannu naɗe. Kokowa kuwa riƙo ne da turi da taɗiya da sunkuta, babu duka a cikinta. Turawan da suka ratsa yankin a ƙarni na 19 sun ga wasannin biyu. Kilafaton ya bayyana damben mahauta da ya kalla a Kano a 1824, abokin tafiyarsa Denham kuma ya ba da labarin kokowar da ya gani a Kukawa ta Barno.

Abin lura a wannan tsari shi ne, wanda ka kayar yau mai masaukinka ne ko baƙonka. A gidansu za ka kwana, ko shi ya kwana a naku, kuma baɗi za ku sake haɗuwa. Saboda haka al'ada ta ɗora wa kowane ɓangare nasa ladabin. Wanda ya yi kaye yakan miƙa hannu ya ɗaga ɗan'uwansa. Wanda aka kayar yakan kakkaɓe ƙasa ya koma cikin mutanensa ba tare da neman rigima ba. Dattawan da ke zaune a bakin fage, waɗanda yawancinsu tsofaffin 'yan kokowa ne, su ne alƙalai, kuma maganarsu ita ce yanke.

3.0 Daga dandali zuwa takobi

Sauyi mafi girma ya zo ne a 1975. Shekara guda kafin nan, a watan Afrilun 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kunce suka karɓi mulki, ƙasa kuma tana fitowa daga matsanancin farin da ya halaka dabbobi ya tarwatsa ƙauyuka. Sabuwar gwamnati ta farfaɗo da ƙungiyoyin samariya, tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a wuri ɗaya. Kokowa ta dace da wannan buƙata, domin kusan kowane yanki ya san ta, kuma ba ta buƙatar wani kayan wasa da za a sayo daga waje. Aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya zama na farko da ya ɗauki takobi.

Tun daga nan gasar ke zagayawa daga babban birnin wata jiha zuwa na wata. A yau jihohi takwas ne ke shiga: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana kawo 'yan kokowa 10, jimilla 80 ke nan. An gina filayen kokowa na musamman, aka raɗa wa wasu sunayen tsofaffin gwanaye, kamar Kantu a Maraɗi da Salma Ɗan Rani a Doso da Langa-Langa a Damagaram. Gidan rediyon Muryar Sahel, daga baya kuma talabijin, suka kai wasan har cikin rugage da kasuwanni. Zakara yakan samu takobi da doki da kuɗi, waɗanda a 'yan shekarun nan suka kai miliyoyin sefa. An yi karo na 44 a Agadas a watan Disamban 2023, inda Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobi karo na 6.

Hukuma ta kawo alƙalin wasa mai usur, da agogo, da rubutattun dokoki. Duk da haka abubuwa da yawa na dandali sun biyo wasan zuwa sabon fili. Har yanzu ɗan kokowa na shiga da layu da guraye, yana kirari, makaɗa da mawaƙa na zuga shi, 'yan cali-cali kuma na kwaikwayon 'yan wasa domin ba jama'a dariya tsakanin karawa da karawa.

4.0 Darussan da ke cikin tsarin wasan

Darasi na farko yana cikin yadda ake fitar da zakara. Jiha da jiha ne ke karawa, kowane ɗan wasa da abokinsa. Duk wanda ya sha kaye sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma ba ya tattara kayansa ya tafi gida. Gobe zai sake shiga fage domin jiharsa, yana sane da cewa takobin bana ya wuce shi. Wani lokaci ma irin wannan ne ke kayar da wanda kowa ke sa ran zai ci gasa. Samari da yawa sukan yi aiki ne kawai muddin akwai rabonsu a ciki. Wannan tsari yana koya wa mutum ci gaba da ƙoƙari bayan nasa rabon ya kuɓuce, saboda akwai waɗanda suka dogara da shi.

Darasi na biyu shi ne rashin raba 'yan wasa bisa nauyi. A gasar takobi siriri na iya haɗuwa da ƙato, kuma ba kullum ƙaton ke yin nasara ba. Wanda ya turo da dukkan ƙarfinsa, da ƙarfin nan nasa ake kayar da shi: a kauce masa kaɗan, a sa masa ƙafa, nauyinsa ya ƙarasa aikin. Shi ya sa gwanaye kan daɗe a sunkuye, kai da kai, kowa na taɓa hannun ɗan'uwansa yana jiran kuskure. Mai kallo na iya ƙosawa, amma ɗan kokowa ya san gaggawa ce ke kai mutum ƙasa. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da cewa dabara ta fi ƙarfi.

Darasi na uku ya shafi kirari. Wanda bai san wasan ba zai ɗauka girman kai ne kawai mutum ya tsaya a tsakiyar fage yana yabon kansa. Amma kirari alkawari ne da ake ɗauka a bainar jama'a, kuma cikin 'yan mintoci za a gwada shi. Wanda ya cika baki ya sha ƙasa, a gaban waɗanda suka ji shi zai tashi. Ta haka ɗan kokowa ke koyon auna maganarsa da abin da zai iya, yana kuma gane cewa gaba da gabanta. Babu zakaran da ba a taɓa kayarwa ba, kuma wanda ya riƙe takobi bara yana iya faɗuwa a ranar farko bana.

5.0 Abin da ke cikin haɗari

Girman lada ya canza nauyin kaye. A dandali wanda ya faɗi ya yi asarar goro da ɗan suna na kwana biyu. A gasar ƙasa kuwa faɗuwa ɗaya na iya raba mutum da dukiyar da noman shekaru ba zai ba shi ba, ga kyaututtukan 'yan kasuwa da manyan jiha. Idan abin da za a rasa ya yi yawa haka, karɓar hukunci yakan yi wuya. Daga nan ake samun musu da alƙalai, da ɗan wasan da ke ja da baya yana cin lokaci don tsoron faɗuwa, da magoya bayan da ke ɗaukar kayen ɗan jiharsu tamkar cin mutuncin jihar baki ɗaya. Gasar da aka kafa domin haɗa kan ƙasa tana iya zama wurin rarrabuwa idan aka manta da ladabin da dattawan ƙauye suka gina ta a kansa.

6.0 Kammalawa

Takardar ta nuna yadda kokowa ta tashi daga wasan kaka na manoma ta zama gasar ƙasa tun daga 1975, da kuma tarbiyyar da ke ƙunshe cikin tsarinta: haƙuri kafin kai hari, auna magana, da komawa fage bayan kaye. Ana shawartar ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga karkara, da su zauna da tsofaffin 'yan kokowar garuruwansu su rubuta kirarinsu da sunayen dabarun kaye kamar yadda suke faɗarsu a karin harshensu. Yawancin waɗannan kalmomi a bakin mutane kawai suke, kuma waɗanda suka yi kokowa kafin zuwan takobi sun manyanta ƙwarai.