Daga Tandu Zuwa Kwalbar Bintu Sudan

Kafin kwalba ta wadata a ƙasar Hausa, a tandu kakanninmu ke zuba kwalli da man shafawa, wato ɗan mazubin nan na fata. Shi ma ba a yar da shi sai ya fashe.

A shekarar 1920 wani Bature, Eric Burgess na kamfanin W.J. Bush da ke Landan, ya fito da turaren Bintu Sudan bayan ya ga irin haɗin da mutanen Sudan ke so. Na mai ne, babu giya a ciki, shi ya sa Musulmi suka karɓe shi. Alhazai masu bi ta Sudan suka riƙa yo tsarabarsa, daga baya har a Kano aka soma haɗa shi.

To in turaren ya ƙare fa? 'Yar kwalbar ta zama jari. Mace tana daga ɗakinta za ta wanke, ta shanya, ta ɗura humra, ta ba yarinya ta zaga gidaje. Kakata da kuɗin humra ta yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki.

Amma don Allah, kada a zuba kananzir ko fiya-fiya a ciki. Yaro ya saba ganin kwalbar a hannunki, zai iya kai ta baki.