Ƙirge da Sauraro: Tarihin Hanyoyin Bincike a Fagen Kasuwanci

Gabatarwa

Ɗalibin da ya zo rubuta kundi a fannin kasuwanci yakan tarar da hanyoyi uku a gabansa. Ta farko ita ce hanyar ƙididdiga, inda ake raba takardun tambayoyi, a tattara alƙaluma, a auna su. Ta biyu ita ce hanyar bayani, wadda ta dogara ga hira da lura da zama cikin mutanen da ake nazarta. Ta uku kuwa ita ce gwama biyun a cikin bincike guda. Akasarin ɗalibai ta farko suke ɗauka, domin ganin cewa kundi mai jadawali da kaso cikin ɗari ya fi kwarjini a gaban malamai. Wannan maƙala za ta bibiyi tarihin fannin, domin a ga abin da ya tilasta wa masu ƙirge suka koyi sauraro.

Darasin Masana'antar Hawthorne

A farkon ƙarni na ashirin, ra'ayin Frederick Taylor ne ke tashe a Amurka. A littafinsa na 1911 ya koyar da cewa a auna kowane motsi na ma'aikaci da agogo, a gano hanya mafi sauri, sannan a biya shi gwargwadon abin da ya samar. Da irin wannan tunani aka fara gwaji a 1924 a masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, kusa da birnin Shikago, inda ake ƙera kayan tarho. Tambayar ba ta da wuya: idan aka ƙara hasken fitila, aiki zai ƙaru? Rahoton da aka bayar ya ruɗa kowa. An ƙara haske, aiki ya ƙaru. An rage haske, aiki bai ragu ba. Rukunin da ba a taɓa fitilarsu ba su ma sun ƙara ƙwazo.

A 1927 aka keɓe mata biyar masu harhaɗa na'ura a wani ɗaki, ana sauya musu lokutan hutu da tsawon yinin aiki. Nan ma aiki ya yi ta ƙaruwa, har a lokacin da aka janye hutun aka mayar da su kan tsarin farko. Alƙaluma sun nuna cewa wani abu yana faruwa, amma sun kasa faɗin ko mene ne. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Daga nan masu binciken, waɗanda Elton Mayo na Jami'ar Harvard ya shigo cikinsu, suka koma ga baki. Tsakanin 1928 da 1930 an yi hira da ma'aikata fiye da 21,000. Da farko jerin tambayoyi aka shirya, sai aka lura cewa ma'aikaci yakan amsa a taƙaice, ya karkata zuwa abin da ke damunsa. Saboda haka aka ajiye jerin, aka bar kowa ya yi magana a kan abin da ya ga dama, mai hira yana sauraro.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi ilimantarwa. Daga 1931 zuwa 1932 aka zaunar da mai lura a ɗakin wasu maza 14 masu haɗa wayoyi. Tsarin biyansu ya tanadi cewa idan aikin rukuni ya ƙaru, kuɗin kowa zai ƙaru. Duk da haka sai aka tarar sun yanka wa kansu adadin da suke ganin ya isa aikin yini. Wanda ya zarce shi, ƴan'uwansa su yi masa ba'a ko su naushe shi a dantse. Wanda ya gaza, a ɗauke shi maci amana. Tsoronsu shi ne idan suka nuna iyakar ƙarfinsu, kamfani zai ɗaga ma'auni ko ya sallami wasu, ga shi lokacin karayar tattalin arziki ne. Har ma adadin da suke bayarwa a rubuta ba kullum yake daidai da abin da suka yi ba: sukan ɓoye rarar yau domin cike giɓin gobe. Ke nan alƙaluman da ke ofis, waɗanda manajoji ke yanke hukunci da su, ma'aikata ne ke daidaita su. Babu takardar tambayoyin da za ta tono wannan. Roethlisberger da Dickson suka wallafa cikakken bayanin aikin a 1939.

Sai dai labarin yana da kashi na biyu. A 2011 masana tattalin arziki biyu, Steven Levitt da John List, suka wallafa sabon nazari a kan ainihin alƙaluman gwajin fitilu, waɗanda aka daɗe ana zaton sun ɓace. Sun tarar an zuzuta sakamakon. Ana sauya fitilu ne a ƙarshen mako, a auna aiki ranar Litinin, alhali aiki kan tashi ranar Litinin ko an taɓa fitila ko ba a taɓa ba. Kamar yadda lura ta gyara wa alƙaluma zama a 1932, haka alƙaluma suka gyara wa labari zama bayan kimanin shekara tamanin.

Rinjayen Ƙididdiga da Farfaɗowar Bayani

A 1959 gidauniyoyin Ford da Carnegie suka fitar da rahotanni biyu da suka soki makarantun kasuwanci na Amurka da raunin ilimi. Maganin da aka ɗauka shi ne cusa lissafi da ƙididdiga da tattalin arziki, har ta kai ana yi wa binciken hira kallon tatsuniya. Martani bai daɗe ba. A 1967 Glaser da Strauss suka shimfiɗa ƙa'idojin gina ra'i daga bayanan fage. A 1973 Henry Mintzberg ya wallafa sakamakon zaman da ya yi da shugabannin ma'aikatu biyar, mako guda tare da kowane. Littattafai na cewa manaja mutum ne mai natsuwa yana tsara shiri. Mintzberg ya ga rabin ayyukansu ba sa kai minti tara, kuma mafi yawan labarin da suke aiki da shi da baki suke samun sa. A lura cewa da ido ya kalla, amma da agogo ya ƙirga. A 1979 Todd Jick ya bayyana yadda ya gwama takardun tambayoyi da hira da takardun ajiya wajen nazarin haɗewar kamfanoni, domin kowace hanya ta zama shaida a kan ƴar'uwarta.

Kamfanin Coca-Cola ya biya kuɗin wannan darasi a 1985. Ya ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 sabon haɗi, mafi yawa suka fifita shi. Tattaunawa da ƙananan rukunoni ta nuna cewa wasu za su fusata idan aka ɗauke musu tsohon, amma aka bi rinjayen alƙaluma. Bayan kwana 79 kamfanin ya dawo da tsohon haɗi. An auna harshe, ba a auna shaƙuwa ba.

Misali Daga Kasuwancin Hausawa

Abin da duniyar ilimi ta sani game da kasuwancinmu, mafi yawansa ta hanyar zama da hira aka same shi. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanun Arewa bashi, ba takarda, ba banki, ba kotu. Maigida, wato fatoma, shi ke sauke mai shanu, dillalansa su nemo mai saye, shi kuma ya tsaya a kan bashin da sunansa. Polly Hill ta bayyana irin wannan tsari a Kumasi a 1966. A 1986 Emmanuel Grégoire ya wallafa nazarinsa a kan alhazan Maraɗi, inda ya nuna cewa ƙarfin attajiri yana ga yawan barorinsa da amintattunsa, abin da ake kira arzikin mutane. Jarin da ya fi kowane a nan shi ne amana, ita kuwa ba ta shiga littafin lissafi.

Wannan yana da muhimmanci ga ɗalibinmu. Ɗan kasuwar da aka miƙa wa takarda ana tambayar ribarsa ta wata zai zaci jami'in haraji ne ya turo, ga kuma al'adar ɓoye samu saboda tsoron baki. Zai faɗi wani adadi domin a rabu lafiya. Idan aka tara irin wannan amsa ɗari uku aka zuba a kwamfuta, jadawali zai fito tsaf, amma ƙarya ce aka yi wa ado. Mafi muni, da irinsa ake tsara rancen ƴan kasuwa da manufofin hukuma.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kowace hanya tana da makanta. Hira da mutum goma ba ta isa a yanke hukunci a kan kasuwa duka ba, kuma mai hira yakan ji abin da yake son ji. Ƙididdiga kuma tana amsa tambayar da aka yi mata ne kawai, ko da tambayar ba ta dace ba. Don haka tambayar bincike ce ya kamata ta zaɓi hanya. Idan ba a san yadda abu yake gudana ba, a fara da zama da hira, daga bakin ƴan kasuwa a ciro tambayoyin da za a raba wa jama'a da yawa. Idan kuwa alƙaluma sun fito da abin mamaki, a koma wurin masu abin a nemi dalili, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin ya fi cin lokaci da kuɗi, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.